Ba Zan Tsallake Aina'u Ba

Gidan Marke, ta Ɗanbatta
22 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Madu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zakiyya da yara. Yaya bayan naka da ka ce yana riƙewa in ka wuni a kan adaidaita? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, an fara cirar gyaɗa, kuma bana ta yi 'ya'ya, sai godiya.

Na ba direban da ke kai mini ƙuli Kano wannan takarda, don ka san garinmu. Waya ba ta kamawa sai mutum ya fita bakin masallaci, kuma duk abin da ka faɗa a can zai riga ka isa gida.

Ka tambaye ni kana dariya ko na ga ƙarshen zango na biyu na shirin Tsamiyar Mararraba, wai yayarka ta zama tauraruwa. Na gani, daga kashi na ɗaya har na goma sha uku, a tsakar gidan aminiyata Fadima. Can mata ke taruwa da la'asar ran Asabar, don ita ce mai talabijin da sola. Tunda ka nemi ra'ayina, to gyara zama.

Zangon farko ya fi. A can ba a taɓa nuna aljanin rijiyar ba. Mace za ta jefa guga ta jawo, igiya a jiƙe sharkaf, gugan kuma a bushe ƙayau. Iyakar abin ke nan, amma sai da muka yi mako guda muna zuwa ɗibar ruwa bibbiyu. A wannan zangon sai suka ga dama su nuna mana shi, wani ƙato da jajayen idanu na kwamfuta, hayaƙi na fita ta kunnuwansa kamar tsohon injin niƙa. Ranar da ya fito dariya muka yi har Fadima ta ƙware. Ga jarumin nasu yana noma da agogo a hannu, ya riƙe fartanya kamar zai kashe kunama, yana nuna damin dawa yana kiransa gero. Mutanen birni dai sai addu'a.

Alhajin nan da ke sayar wa aljanu inuwar 'yan uwansa don ya sami mulki, shi kam ɗan wasan ya iya. In ya yi shiru yana jan carbi, sai tsigar jikinka ta tashi. Matsalarsa ihu. Da ya buɗe baki tsoron zai watse.

Saura ni, mayyar gindin tsamiya. Ka tuna yadda na faɗa ciki. Bara da rani suka zo ɗaukar shirin saboda tsamiyarmu ta bakin mararraba, matar da za ta fito a mayya ta fasa zuwa, sai daraktan nasu Fatihu ya gan ni ina suya ina faɗa da akuya, ya ce ni yake nema. Ya so in riƙa zare ido ina dariyar mugunta. Na ce masa mugu na gaske gaishe ka yake yi, ya tambayi lafiyar yara, ya ba ka ruwa mai sanyi. Sai ya bar ni na yi yadda na ga dama, da zanena, da muryata, da faifaina. Yanzu kowa na cewa a duk zangon babu abin da ya kai ni ban tsoro. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Shekarata hamsin da biyu, ba wanda ya taɓa cewa na iya wani abu bayan suyar ƙuli da matsar mai.

Amma ga inda suka ɓata rawar. Alhaji an ba shi dalili, an ba shi hawaye, an ba shi tuba a masallaci. Ni ba dalili, ba tuba. Tsohuwa ce matalauciya, shi ke nan ta zama mayya. A kashin ƙarshe kuma gari ya taru aka tilasta mini na tsallake yarinyar da na kama, nan take ta miƙe tana neman abinci. Yarinyar ma ka san ta, Aina'u ce 'yar Fadima, sa'ar 'yata Khairat. Sau shida muka maimaita wurin, don da na ɗaga ƙafa sai ta fashe da dariya.

Da aka gama nuna wannan kashin, matar da ke kusa da ni ta janye jaririnta daga gefen zanena. Ban ɗauki abin komai ba.

Ka gaida Zakiyya, ka ce mata man gyaɗarta na nan tafe.

Yayarka,
Falta

9 ga Oktoba

Madu ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, kuma yara sun koma makaranta lafiya. Jikina lau, zuciyata ce dai ba lau ba.

Abin da ban ɗauka komai ba ya girma. Da farko mata suka daina kawo mini gyaɗa in matse musu mai. Sai aka daina aiko yara sayen ƙuli. Sai wani mai dogon tunani ya tuno cewa kakanmu daga Barno ya zo da fataucin kanwa, aka fara cewa dama ba a san asalinmu ba. Shekara talatin da huɗu ina aure a garin nan, Madu. A nan aka binne mijina Malam Mika'ilu, ni na yi masa jinya, amma yau ba a san asalina ba.

Duk wannan zan iya haɗiye shi. Abin da ya faru shi ne Aina'u ta kwanta. Yau kwana biyar zazzaɓi bai sauka ba, kuma in jikin ya yi zafi sosai sai ta riƙa kiran sunana, Inna Falta, Inna Falta. Ka san abin da mutanenmu ke cewa in mara lafiya ya kama sunan mutum: wai ya faɗi wanda ya kama masa kurwa.

Jiya da hantsi yayanta Zaharaddini ya zo ƙofar gidana da samari kusan goma. Ko zaure bai shiga ba, yaron da na yi wa wankan jego tare da uwarsa. Ya ce in zo in tsallake ƙanwarsa in sake ta, tun ana mu biyu. Na tambaye shi hujjarsa. Ya ce duk gari ya ga na amayar da ƙanƙarar maita a kashi na tara, kuma wanda bai san abu ba ba zai iya shi haka ba. Alewar madara ce fa aka shafa wa gawayi. Aina'u ce ma ta shanye ragowar a bayan kyamara.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Zaharaddini shekararsa ashirin da shida, bai taɓa ganin an yi tsallake ba. Rabon da a yi shi a yankin nan tun ina amarya, lokacin da aka tuɓe wata tsohuwa a gaban jama'a, kuma wanda ta tsallake ɗin bai kwana biyu ba ya rasu. An bar abin, an manta. A talabijin yaron nan ya koya, kuma daga ƙafata.

Na san halinka, za ka ce in ɗaga ƙafa in wuce, me zai rage ni. To ka ji. Wanda ya tsallake ya amsa laifi ke nan. Kuma a wurinsu maita a nono ake shanta. Ran da na tsallake Aina'u, ranar na shafa wa Khairat, wadda ke can kwalejin Bici tana karatu don ta dawo ta koyar a firamaren garin nan. Wa zai tura ɗansa ajin 'yar mayya? Ita da 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna duk sun shiga ke nan.

Na gaya wa Zaharaddini ba zan yi ba, ya kai ƙanwarsa asibiti. Na koma na ci gaba da suyata, har na ƙara wuta don su ji ƙamshin daga waje.

Kada ka gaya wa Khairat, tana cikin jarrabawa.

Yayarka,
Falta

11 ga Oktoba

Madu,

Assalamu alaikum. Na sami takardarka, na gode, Allah ya bar zumunci. Ka gaya wa Zakiyya na gode da ɗakin da ta share mini.

Amma ba zan zo wurinku Ungogo ba. In na hau mota yau, gobe za a ce mayya ta gudu, kuma gudu da tsallake duk amsa laifi ne. Gidan mijina ne, gonata ce, ba inda za ni.

Liman Abdulkabir ya yi huɗuba a kan zato da ƙazafi. Ya yi magana mai kyau, sai dai bai kama sunan kowa ba, don haka kowa ya gyaɗa kai ya ɗauka da maƙwabcinsa ake. Na fita bakin masallaci na kira Fatihu, ban damu da masu saurare ba. Ya ce ai sun rubuta a farkon shirin cewa wasan kwaikwayo ne. Na tambaye shi mutum nawa suka karanta rubutun da ya wuce kamar walƙiya. Sai ya hau ba ni labarin yawan waɗanda suka kalli kashin ƙarshe, yana ta murna. Na ce masa ya iya tsorata mutane amma bai san inda tsoron ke sauka ba, na kashe wayata.

Har yanzu ba su kai Aina'u asibiti ba. Wai wanda aka kama wa kurwa ba ya son allura, in an yi masa sai ya tafi. Turare suke mata da jiƙe-jiƙe.

Zagin samari bai taɓa ni ba. Fadima ce ta karya ni. Na haɗu da ita a wurin injin niƙa, ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta zarge ni ba. Ta riƙe hannuna ta ce ta san ba ni ba ce, amma in yi don Allah, ko da wasa, kamar yadda na yi a shirin, wataƙila a dace. Shekara talatin muna daka a turmi ɗaya da matar nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Zan faɗa maka gaskiya, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa. Na ji tsoro. Na zauna a gindin rumbu na auna: in na ƙi kuma Aina'u ta mutu, ni na kashe ta har abada. In na yi, na kashe sunan 'yata. Har na tsinci kaina ina cewa taki ɗaya ne fa, Falta, kin yi shi sau shida kina dariya. Na yi kuka, na wanke fuska, na yi alwala.

Akwai wani abu da ni da Fadima muka sani, wanda shekara ashirin ban taɓa ɗaga shi ba don kada ya zama gori. Na so in mutu ban ɗaga shi ba.

Na aika gidan Fadima cewa gobe da hantsi zan zo. Na kuma yi magana da direban da zai kawo maka wannan takarda. Ka sa ni a addu'a.

Yayarka,
Falta

Ɗanbatta
14 ga Oktoba

Madu ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Daga barandar asibiti nake rubuto maka, a kan gwiwata, don haka ka yi haƙuri da rubutun.

Na je kamar yadda na ce. Ban taɓa ganin taro irin wannan a gidan Fadima ba, ko ranar da aka nuna kashin ƙarshe. Mata cike da tsakar gida, samari a kan katanga, kowa ya ɗaga waya zai ɗauka. Sun shimfiɗa Aina'u a tabarma daidai inda muke zama kallo, sun buɗe mini hanya kamar yadda aka yi a shirin. Har inda zan tsaya sun kwaikwaya.

Da na matsa kusa, ta buɗe ido ta gan ni. Ta miƙo hannu ta kama gefen zanena, ta ce Inna Falta kin zo. Wasu mata suka ɗau salati, wai ta sake faɗa.

Sai na juya na fuskanci Zaharaddini, na ɗaga murya don na kan katanga su ji. Na tambaye shi a ina ake shan maita. Ya ce a nono, kowa ya sani. Na ce to ya tambayi uwarsa wa ya shayar da Aina'u wata huɗu lokacin da ciwon nono ya kwantar da ita bayan haihuwa. Na ce Khairat na dama, Aina'u na hagu, haka na raine su. In na ɗaga ƙafa yau na amsa cewa ni mayya ce, to ga 'yar mayya nan kwance a tabarmarku, ku san wanda zai tsallake ta.

Tsofaffin matan da suka san zancen suka sunkuyar da kai. Zaharaddini ya dubi uwarsa. Fadima ta ce gaskiya ne, da ba don nonon Falta ba da babu Aina'u.

Ban jira su farfaɗo ba. Na kwance mayafina, na durƙusa, na ba tabarmar baya, na ce Fadima ɗora mini ita. Ta ɗago ta, ta ɗaura mini mayafin kamar yadda ta saba tun yarinyar na tsumma. Madu, budurwa 'yar shekara ashirin, amma ba ta kai buhun gyaɗa maras ɓara nauyi ba. Zafin jikinta har cikin ƙashin bayana.

Zaharaddini ya tsaya a zaure. Uwarsa ce ta ce ya matsa, da muryar da ban san tana da ita ba, ya kuwa matsa. Na bi ta tsakiyar gari da goyona, na wuce masallaci, na wuce injin niƙa, har gindin tsamiyar mararraba inda direba ke jirana. Gajiya ta so ta ba ni kunya a wajen rijiya, amma na rantse a raina ba zan sauke ta a gaban wayoyin nan ba.

Likita ya ce taifot ne ya haɗu da zazzaɓin cizon sauro, jininta kuma ya yi ƙasa sosai. Ya yi faɗa, ya ce da an ƙara kwana biyu da wani zancen ake. An yi mata allurar da suke tsoro, an sa mata ruwa, an ƙara mata jini. Na Zaharaddini ne ya dace da nata. Ya biyo mu a babur, ya miƙa hannu aka ɗiba, har yanzu bai iya haɗa ido da ni ba.

Yau da safe zazzaɓin ya sauka. Na tambaye ta me ya sa take ta kiran sunana har ta kusa jawo mini jifa. Ta ce kunun gyaɗata take so, wanda nake dama mata duk lokacin da ba ta da lafiya, ta yi ta roƙo a kira ni amma ba wanda ya kira. Fadima ta rufe fuska da mayafi ta fita waje.

Yanzu ka iya gaya wa Khairat.

Yayarka,
Falta

Gidan Marke
30 ga Oktoba

Zuwa ga Madu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da fatan bayan naka ya saki. Mun dawo gida, Aina'u na tafiya da ƙafarta, har ta fara taɓa keken ɗinkinta.

Kada ka ɗauka gari ya ba ni haƙuri. Wasu sun zo sun gaishe ni suna kallon ƙasa. Wasu kuma cewa suke ai da na ga an gane ni ne na sake ta a hanya, asibiti rufa-rufa ne. Da ta mutu ni ce, da ta tashi ma ni ce. Na daina neman shaidarsu. Na fito da murhuna daga cikin gida na kafa shi a ƙofar gida gindin darbejiya, inda duk mai wucewa zai gan ni. Kullum da hantsi Aina'u na zuwa ta zauna a turmina ta ci ƙuli da zafinsa a gaban kowa. Shekaranjiya Fadima ta ɗauko gyaɗarta a ka ta bi ta tsakiyar gari ta kawo mini. Ba mu yi zancen ba, muka hau ɓara.

Hoton goyon nan ya zaga wayoyi har ya kai ga Fatihu. Ya zo da kansa, da mota, da fara'a. Yana so in fito a zango na uku, wai mayya za ta taso daga kabari ta ɗau fansa, da farin ido da dogayen farata. Na ba shi tabarma da ruwa, sannan na ba shi darasi. Na ce aljaninsa ya lalace ran da ya nuna shi, Alhajinsa ya rage ihu, jaruminsa ya koyi riƙon fartanya. Ni kuma zan fito, don na iya kuma ina so, ba na jin kunyar faɗa. Amma sai ya nuna an tsallake mara lafiya bai tashi ba, ya nuna an kai wani asibiti ya tashi, ya kuma nuna gari ya zargi tsohuwar da ba ta yi komai ba. Ya sosa kai ya ce masu kallo ba sa son irin wannan. Na ce masa masu kallon nasa sun hau katangar Fadima da wayoyinsu, na ga abin da suke so, ya je ya nemi wata ƙafar. Ya ce zai yi tunani. Ya tafi da ƙuli leda biyu.

Khairat ta zo hutun ƙarshen mako. Ta ce in ta gama, a firamaren garin nan za ta nemi aiki, ba wani wuri ba. Ban san inda ta samo taurin kai ba.

Ka ce wa Zakiyya ta mayar da buhunanta ɗakin da ta share mini, ba zan zo ba sai da salla, kuma ziyara. Ran Asabar za a maimaita kashin ƙarshe a talabijin, Fadima ta aiko in zo da wuri ta ajiye mini wuri a gaba. Zan sa zanen da na sa a shirin, in zauna kusa da Aina'u. Ta ce in aka zo wurin da na ɗaga ƙafa, dariyar da Fatihu ya hana ta sau shida za ta yi, kuma da ƙarfi, har na kan katanga su ji.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka da ke nan daram a gidanta,
Falta